Wutar da na hura a Gidan Madugu

Bazara ce, irin wadda rairayi ke ƙona ƙafa tun da hantsi. Hadari ya fara haɗuwa gabas da marece, sai ya watse ba ɗigo. Amma shekarar ba ta matsa mana ba. Damanar da ta wuce ta yi kyau, da sauran gero a rumbunan mutane, babanku yana samun ɗinki a bakin kasuwar Filinge, ni kuma ina saida kopto, wato kwaɗon zogale, da rana, da la'asar in tafi makarantar yaƙi da jahilci, inda na fara rubuta sunana ba a riƙa mini hannu ba. Da an tambaye ni lokacin abin da nake so, sai in ce a bar mini kome yadda yake.

Kun tashi kuna jin ana cewa ni na ƙwace Gidan Madugu daga hannun kawunanku, wasu kuma su ce iskokin gidan ne sunka riƙe ni. Ban taɓa tanka wa kowa ba, don ba ni da bakin gardama. Yanzu da ƙafa ta daina zuwa nesa, hannu kuwa ya saba da alƙalami, ga yadda anka yi.

Madugu kakana ne, mahaifin babana. Bafatake ne, yana kai shanu kudu ya komo da goro da tufafi, ya gina gidansa can cikin kwarin dallol, tsakanin Filinge da Bonkuku, wurin da sai ka bar hanyar mota ka shiga rairayi. Bayan rasuwarsa ƴaƴansa sunka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, shekarar babban fari ta kwashe waɗanda sunka rage. Ni a gari anka haife ni, ban taɓa ganin gidan ba sai a bakin manya. To a wannan bazara mai garin ƙauyen da gidan yake ya aiko cewa Tanko, ɗan tsoho Arzika maƙwabcin gidan, yana son ya noma wurin. A al'adarsu ba a sa hauya cikin kango muddin duwatsun murhu na zaune inda uwar gida ta aje su. Sai wani mai jinin gidan ya zo ya tada su da hannunsa a gaban mutane, sannan wuri ya koma gona. Yaya Isufu, wanda shi ne babbanmu, ya kira ni daga Yamai. Ya ce sun yi shawara da sauran, babu mai komawa ƙauye, ni ce kusa, in je in tada duwatsun a huta. Na ce to. Aikin yini guda ne, a ganina.

Gwaggo Hajo tana zaune kan tabarma tana jinmu. Ku manyan kun san ta, ƙanwar babana ce, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda anka haifa a gidan, kuma a wurinmu take tun da mijinta ya rasu. Idonta ya yi rauni, amma kunne da harshe lafiya lau. Ta ce da ita za a tafi. Na nuna mata zafin rana da nisan hanya, ta ce rana ta san ta tun ba a haifi uwata ba. Ranar tafiya ta ɗaure wani ƙunshi mai nauyi, ta hana ni ɗauka, ta hana ni tambaya.

Motar kasuwa ta sauke mu a mararraba, shareti, amalanken jaki, ya ƙarasa da mu. Tsoho Arzika ne ya tarbe mu a bakin ƙauye, dogon mutum da sanda, layu da ƙahonni a ɗamararsa, domin gidansu har yau suna riƙe da abin kakanni. Tare sunka yi wasan ƙasa da Gwaggo. Ya tsaya yana kallonta, ya ce:

"Hajo ta Madugu, ashe kina da rai?"

"Ina jiran in ci gumbar sadakarka tukuna," in ji ta.

Ya yi dariya har ya jingina da sanda. Ya ce maza duk suna wajen sharar gona, ba za su taru ba sai bayan la'asar, in muna so mu shiga mu yi ban kwana da gidan. Ya ba mu ruwa a gora, ya nuna mana hanya da haɓa, ko da yake ba a bukatar nuni. Daga inda muke ana hangen kan soro sama da itatuwa.

Ban san abin da na zata zan gani ba, amma ba wannan ba. Katangar ta kewaye wuri kamar unguwa guda. Ruwan shekaru ya cinye kanta har ta yi giɓi-giɓi, wani wuri ta kai tsayin raƙumi, wani wuri akuya ma ta tsallake. Zauren yana tsaye. Ƙyaurensa ya fita daga maƙalarsa ya kwanta gefe, gara ta cinye itacen ta bar ƙusoshin ƙarfe jere cikin ƙasa. Gwaggo ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta yi sallama da ƙarfi kamar akwai mai amsawa, ta ƙara da cewa masu gida su yi haƙuri, ɗiyan gida ne ba baƙi ba. Ni na yi bisimilla a zuciyata na bi ta. Ciki da sanyi kamar randa. Da idona ya saba da duhun, na ɗaga kai na ga rufin azara da anka jera kamar saƙar faifai, a tsakiya an kafa kwanonin tangaran masu zanen shuɗi, wasu sun faɗo sun bar gurbinsu, wasu suna nan suna ƙyalli cikin ƙura. Jemagu sun rataye a kusurwa, kashinsu ya taru har ƙafa na nutsewa. Gwaggo ta shafa bango ta nemo wani gurbi, ta ce nan fitila ke zama, nan kuma Madugu ke shimfiɗa buzunsa, in yana nan ko kaza ba ta ratsa zaure da gudu.

Munka fita tsakar gida. Tumfafiya da ƙaya sun cika wurin, sai wata ƴar hanya da ƙafar awaki ta yi. Hannun dama ga soron nan mai hawa, matakalarsa ta zube rabi, tsagewa ta raba bangonsa daga sama har ƙasa, wata bishiyar cediya ta tsiro cikin tsagar ta rungume ginin, ban san ko ita ke tsaga shi ko ita ke riƙe da shi ba. Na so in hau, Gwaggo ta ce in ina son babanku ya sake aure in hau. Gefensa akwai wani ɗaki daban da sauran, daɓen siminti, taga mai sandunan ƙarfe. Ta ce wannan na kwamanda ne, nasara, in ya fito rangadi nan yake sauka, kuma su yara sukan leƙa ta tagar su ga yana cin abinci da ƙarafa shi kaɗai, su ji tausayinsa don sun ɗauka horo ake masa. Wani damo ya mallaki ɗakin yanzu, yana kwance tsakiyar simintin, ya dube mu bai motsa ba. Bayan ɗakin ga gawar wata babbar mota ta nutse cikin rairayi har gindi, babu taya, babu gilashi, zuma ta yi gida inda direba ke zama. Rumbunan kuwa duk sun durƙushe, sai duwatsun da anka ɗora su a kai, na fara ƙirgawa na bari.

Gwaggo tana tafe tana kiran mutane da sunansu. Nan makaho mai saƙar igiya ke zama, nan ake ɗaure dokin da ya ciji limami, nan babana ya faɗo daga kan katanga ya karye a hannu ya ce aljani ya tura shi, alhali satar dabino ya je. Ban taɓa jin ta yi magana mai yawa haka ba. Ni da na san babana tsoho mai tari da carbi, sai ga shi yaro yana gudu a gabana. Na lura kuma ba ta laluben hanya. A gidanmu na Filinge sai an kai ta bayan gida, a nan ita ke gaya mini in yi hankali akwai tudu.

Ƙarshen gidan ta arewa lambu ne. Giginya da goriba sun yi tsawo abinsu, mangwaro biyu ko uku sun tsufa amma da ƴaƴa, ƙasa cike da waɗanda tsuntsaye sunka fasa. Katanga ta faɗi ta wajen, shi ya sa matan ƙauye ke shigowa ɗiban ruwa a rijiyar Madugu, wadda bakinta na itace ya yi kwari-kwari saboda jan igiya. Sunka gaishe mu, sunka ba mu ruwan, na sha, yana da sanyi da ɗan zaƙi. Na zauna a inuwa na sha mangwaro da hannu kamar yarinya. Ban ji tsoro a gidan nan ba ko kaɗan, ku sani. Abin da na ji shi ne kamar na zo gaida wata tsohuwa da na daɗe ina jin labarinta, na iske ta barci.

Sashen mata shi ya fi lalacewa. Ɗakunan sun narke, sai da'irar gindinsu a ƙasa kamar an kifa kwanoni an ɗauke. Guda ɗaya ne bangonsa ya rage, ba rufi, gefe biyu sun zube har ba a gane inda ƙofar take, Gwaggo ta ce na Kaka ne, uwarsu. Kusa da shi, ƙarƙashin wata aduwa, ga murhun. Duwatsu baƙaƙe, manya, sun zauna daram. Abin da ya ba ni mamaki, ko ciyawa babu kewayensu. Wata daga cikin matan rijiya ta ce matar Arzika ce ke share wurin kowace shekara har ta rasu, surukarta ta ɗora, don kar dabba ta ture su a ce mutanen gidansu sunka yi. Na duƙa na taɓa ɗaya. Wannan ne zan ɗaga in jefar in an jima.

Rana ta karkata kaɗan sai Gwaggo ta zauna daɓas a gindin aduwar, ta ce jiri take ji, cikinta ya ɗaure, in ba ta sha abu mai zafi ba ba ta kai la'asar. Hankalina ya tashi. Na ce bari in ruga ƙauye in roƙo mata. Ta ce a'a, in kwance ƙunshinta. Na kwance, sai ga ƴar tukunya, garin gero, tsamiya, ludayi, har da ashana. Na ce a raina tsufa ke nan, mutum ba ya yarda da girkin kowa. Na tsinto itace, na fara neman ƴan duwatsu da zan kafa tukunyar.

"Ke Mariyama," ta ce, "ga murhu gabanki kina neman murhu? Mi ad damuwarki?"

Ban ga laifin abin ba. An ce mini in tada duwatsu, ba wanda ya ce mini kar in dafa kunu kansu. Na jera itace na ƙyasta ashana. Itacen ya bushe ƙwarai, nan da nan wuta ta kama, hayaƙi ya miƙe sama ya wuce kan aduwar, domin ranar ko iska babu.

Abin da na fara ji shi ne igiyar rijiya ta daina ƙara. Sai wata mata ta rangaɗa guɗa. Kafin kunu ya nuna mutane sun fara shigowa ta karyayyar katanga, mata da tuluna a kai, maza da gatari a kafaɗa. Tsoho Arzika ya iso, ya tuɓe takalmi nesa da murhun, ya durƙusa da ƙyar, ya ce mini barka da dawowa, ya gidan, ya iyali. Na ce Baba wace dawowa, kunu nake dama wa Gwaggo. Ya dube ni, ya dubi Gwaggo, wadda ta rufe ido tana nishi kamar mai ciwo, ya girgiza kai. Sannan ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa ɗan birni. In mai jinin gida ya hura wuta a murhun kango, to ya buɗe gidan ke nan. Ba a sake kiransa kango, ba a sa masa hauya. Amma wanda ya hura wutar shi zai kwana damanar a ciki, tun daga shuka har girbi, hayaƙi na tashi kullum. Ba a buɗe gida da wasa a tafi a bar shi, iskokin da ke ciki ba su yafe wannan, mutanen gari ma ba su yafewa.

Tanko ɗansa yana tsaye a baya, ƙaƙƙarfan mutum mai ƴaƴa da yawa. Bai ɗaga murya ba, amma jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce shi bai share gonarsa ta tudu ba bana saboda an ba shi magana, ƙasar cikin katangar nan ta sha takin shanun Madugu, ita ya sa wa rai, yanzu ga hadari na haɗuwa. Ya ce baƙuwa ce, ba ta sani ba, a gyara. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji nauyinta. Arzika ya ce akwai gyara. In na ɗauki ruwa da hannuna na kashe wutar a gaban mutane, na ce kuskure ne, sai in tada duwatsun kamar yadda anka shirya. Wata mata ta sauke tulu ta cika ƙwarya, ta aje a gabana.

Na zuba wa Gwaggo kunu a ludayi don in samu abin yi da hannuna. Ta karɓa tana kurɓa, ba ta dube ni ba. Da ta roƙe ni, da wataƙila na kashe wutar, don na san yadda ake ba tsoho haƙuri. Amma ba ta roƙa ba. Kunun kawai na gani yana zuba a zanenta. Na tuna babanku da keken ɗinkinsa, wa zai dafa masa. Na tuna ke Rabi kina ajin jarrabawa, da Sani da bai daɗe da yaye ba. Na tuna Yaya Isufu, wanda ban taɓa saɓa wa maganarsa ba tun ina yarinya. Duk sun fi nauyi a ma'auni, na sani. Sai dai na yini ina yawo cikin gidan nan ana kira mini mutanensa, na sha ruwansa, kuma tsohuwar da ba ta gani ta yi mini jagora a cikinsa. In na watsa ruwan nan, a gabanta zan watsa, da kunnenta za ta ji ƙarar.

Na tambayi Tanko ko filin bayan katanga, wanda shi ma na Madugu ne, zai ishe shi bana. Ya ce ba ɗaya ba ne. Na ce na sani ba ɗaya ba ne. Na ɗauki ƙwaryar. Na juye ruwan cikin tukunya, na ƙara gari, na ce wa matar da ke kusa da ni ta aro mini ludaya, mutane sun yi yawa, kunun ba ya isa.

Arzika ne ya fara sha. Tanko ya juya ya fita ta inda ya shigo. Da mutane sunka ragu na matsa kusa da Gwaggo na tambaye ta a hankali ko ta san abin da zai faru. Ta miƙo mini ludayi ta ce:

"Kunun ga ya yi ruwa, ɗiyata. Gobe ki rage hannu."

Abin da ya biyo baya kun san rabinsa. Ba kyauta na samu gidan ba, kuma ba ni kaɗai na biya ba. Rabi, ke kika riƙe gidan Filinge a damanar nan, kika faɗi jarrabawa kika maimaita aji, ban manta ba ko rana ɗaya. Babanku ya yi fushi na ƴan kwanaki, sannan ya zo da kansa ranar wata kasuwa, ya zagaya lambun, ya cika aljihu da mangwaro, ya ce in dai na fara sai in ƙarasa. Makarantata ta tsaya, sai da rani na koma aji ɗaya da waɗanda a da na riga. Tanko ya noma bayan katanga, geronsa bai kai yadda ya so ba, ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba. Gwaggo ta ga damana uku a ɗakin uwarta, a can ta cika, a can anka rufe ta. Ban ƙwace wa kowa kome ba. Gidan na mu duka ne, duk wanda ya zo cikinku ko cikin ƴaƴan kawunanku akwai inda zai shimfiɗa tabarma.

A gidan Arzika anka so mu kwana ranar da na hura wutar, Gwaggo ta ƙi, munka kwana a zaure. Da gari ya waye na tono garwashin jiya na hura, na ɗora ruwa. Sannan na ɗauki salula na hau wani tudu bayan ƙauye inda anka ce nan kaɗai rezo, wato layin waya, ke kamawa, na kira Yaya Isufu. Na gaya masa duk yadda anka yi. Ya yi faɗa mai yawa, ya ce an aike ni rufe ƙofa na je na buɗe, ya ce tsohuwa ta yi wasa da hankalina kamar ƙaramar yarinya. Na bar shi har ya gaji. Da ya gama na ce masa zan sa a yi wa ɗakin Kaka rufi kafin ruwa ya sauka, amma bango ya zube ta gefe biyu, ban gane inda ƙofar take ba, Gwaggo kuma tana barci, ko shi da ya taɓa zuwa yana yaro ya tuna.

Sai na ji ya sassauta murya.

"Gabas take kallo," ya ce. "Akwai wani dutse a bakinta da muke zama mu ci tuwo. Ki tona, yana nan."

Na sauko na ari hauya a gidan Arzika, na je na fara tonawa.